Babi na Shida: Kwas ɗin da Ba Kai Ka Zaɓa Ba

Duk shekara, idan sakamakon JAMB ya fito aka shiga rabon gurabe, akwai maganar da ake yawan ji a gidajenmu: "An ba shi, amma fa an canza masa kwas." Ƙasa-ƙasa ake faɗinta, da muryar jaje. Yaro ya nemi likitanci an tura shi Lissafi. Yarinya ta nemi karatun lauya an ba ta Kimiyyar Harshe. Wani injiniyanci ya sa a gaba, sai ya tsinci sunansa a Tsangayar Ilimi. A 2025 kusan mutum miliyan biyu ne suka zauna wannan jarrabawa, kuma hankalin akasarinsu yana kan kwasa-kwasai 'yan ƙalilan da kowa ya san ba za su ɗauke su duka ba. Saboda haka dubban matasa ke shiga waɗannan sassa da sanyin jiki, su kwashe shekara guda suna neman hanyar tsallakewa, wasu su gama shekara huɗun ba su taɓa tsayawa sun tambayi kansu mene ne a cikin abin da aka ba su ba.

Ina so in buɗe wa mai karatu cikin waɗannan fannoni: harshe, lissafi, koyarwa, da kuma dabarun bincike, wanda shi ba a shiga jami'a da sunansa amma ba mai fita ba tare da ya bi ta kansa ba. Na haɗa su a babi ɗaya ne da gangan, domin a wurina sana'a ɗaya ce. Dukkansu aikinsu shi ne gano ƙa'idar da ke ɓoye a bayan abin da ido ke gani ko kunne ke ji, sannan a iya nuna wa wani ita har ya gamsu. Tun daga babban aji ɗaya na sakandare muke raba yara gida biyu, 'yan kimiyya da 'yan adabi, mu sa wa kowane ɓangare tsoron ɗayan. Ba a kan waɗannan fannoni huɗu ya kamata a yi wannan rabo ba.

Mu fara da harshe, don shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Idan ɗalibi ya ce Kimiyyar Harshe yake karantawa, tambayar farko ita ce, "To harshe nawa kake ji?" Idan kuma ya ce Hausa ce, sai a ce, "Kai da aka haife ka cikinta, me za a koya maka?" Bari a gwada. Jam'in mota, motoci. Jam'in ƙasa, ƙasashe. Gida, gidaje, kaza, kaji, bawa, bayi. Ina "t" ɗin mota ta tafi har "c" ta zo? Me ya mai da "s" ta koma "sh", "d" da "z" suka koma "j", "w" ta koma "y"? Duba abin da ya biyo bayan kowane baƙin da ya sauya: ko "i" ko "e". Waɗannan wasula biyu a gaban baki ake furta su, harshe na ɗagawa wajen ganɗa, sai su jawo baƙin da ke gabansu zuwa can. Masana suna kiran wannan ganɗantawa. Ita ce ta sa ake cewa ya sata amma ya saci akuya, ya gasa amma ya gashe. Ɗan shekara huɗu a Kano ko Maraɗi yana bin wannan ƙa'ida daidai, ba wanda ya karantar da shi, kuma da wuya ka sami dattijo ɗaya cikin ɗari da zai iya zayyana maka ita.

Ɗalibin kirki ba ya tsayawa a nan. Sai ya ce, to tebur fa, da tela, da siminti, da asibiti? Ga "t" da "s" a gaban "e" da "i" suna zaune lafiya. Sai a lura kusan dukkansu kalmomin aro ne, sun shigo Hausa da kamanninsu. Ke nan ƙa'idar tana da iyaka, kuma iyakar tana ba da labarin tarihi. Abin da aka yi a 'yan layukan nan shi ne ainihin aikin da ake yi a aji: a tara misalai, a kafa hasashe, a nemi abin da zai rushe shi, a gyara.

A shekara huɗun digiri za a bi da kai ta ilimin furuci, inda za ka san me huhu da maƙogwaro da leɓɓa ke yi kafin "ƙ" ta bambanta da "k". Da tsarin sauti, inda za ka gane cewa wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar rayuwa karin sauti ne ya raba su, kuma garin da ake zama da garin tuwo tsawon wasali ne. Da ƙirar kalma, da ginin jumla, da ilimin ma'ana, da walwalar harshe cikin al'umma. Za ka haɗu da tsarin aji bakwai na aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, wanda ya bayyana dangantakar da ke tsakanin saya, sayo, saye, sayar da sayu. Za ka riƙe ƙamusun Bargery na 1934, da nahawun M. K. M. Galadanci na 1976, da ƙaton littafin Paul Newman na 2000, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. Za ka koyi cewa Basakkwacen da ya ce "shina zuwa" bai yi kure ba. Karin harshensa ne, kuma yana da tasa ƙa'idar cikakkiya.

Za kuma ka san dangin Hausa, abin da ni ya fi taɓa ni a fannin. Hausa ɗiya ce a cikin iyalin harsunan Cadi, masu yawan da ya haura 150, reshe na babban gidan da ya haɗa Larabci da Ibrananci da Amharanci da harshen Buzaye. 'Yan'uwanta na jini suna nan kusa: Bolanci, Badanci, Ngizim da Karekare a Yobe, Tangale a Gombe, Ngas a Filato, Sayanci da Miyanci a Bauchi. Da yawa daga ƙananan cikinsu suna ja da baya, kuma gaskiyar da ba mu cika son faɗa ba ita ce Hausa ce ke haɗiye su, fiye da Turanci. Marigayi Russell Schuh da Alhaji Maina Gimba sun yi shekaru suna tattara ƙamusoshin harsunan Yobe tare da masu harsunan. Irin wannan aiki bai ko kama hanyar ƙarewa ba, kuma ɗan ƙasa da ya tashi da harshen a bakinsa, aka kuma horar da shi, ya fi kowa dacewa da shi.

Dangantakar harshe da lissafi ba ƙirƙirar zamanin kwamfuta ba ce. A ƙarni na 8, a Basra, Khalil ɗan Ahmad ya so ya rubuta ƙamusun da ba zai bar kalmar Larabci ko ɗaya a waje ba. Ya za a yi mutum ya tabbata bai manta wata ba? Sai ya koma ga lissafi. Duk saiwa mai baƙi uku, in aka jujjuya baƙaƙen, hanya shida take bayarwa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ware wanda Larabawa ke amfani da shi da wanda suka yi watsi da shi. Da haka aka gina Kitabul Aini, kuma shi dai wannan malami ne ya fitar da ma'aunan waƙa da har yau ake auna rubutattun waƙoƙin Hausa da su. A 1913 wani masanin lissafi ɗan Rasha, Andrey Markov, ya zauna da haruffa 20,000 na wata doguwar waƙar Pushkin yana ƙirga sau nawa wasali ke bin baƙi, sau nawa baƙi ke bin baƙi. Tunanin da ya fito daga wannan ƙirga, wato auna yiwuwar abin da zai zo ta duban abin da ya gabata, shi ne kakan manhajar da ke cikin wayarka mai hasashen kalmar da za ka rubuta. Google Translate ya sa Hausa cikin harsunansa a 2013. Daga 2019 ƙungiyar Masakhane ta haɗa matasan Afirka masu gina wa harsunansu fasahar fassara da sarrafa rubutu. A irin wannan fage, wanda ya san nahawun Hausa kawai yana da rabin kayan aiki, wanda ya san lissafi da rubuta manhaja kawai shi ma rabi ne da shi.

Shi ya sa sanarwar da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta yi a watan Oktoban 2025, cewa kiredit a lissafi ba sharaɗi ba ne ga mai neman gurbi a fannonin adabi, ta zo mini da fuska biyu. Ta buɗe ƙofa ga yaran da lissafi ya tsare shekara da shekaru, kuma wannan alheri ne. Amma kada ɗalibin harshe ya ɗauka an sallame shi daga lissafi ke nan. Zai neme shi a gaba, ranar da ya zo ƙirga bayanan bincikensa ko ya nemi aiki inda harshe da na'ura suka haɗu.

Shi kuwa wanda aka tura Sashen Lissafi, ya sani cewa abin da zai tarar ba ci gaban na sakandare ba ne kawai. A sakandare ana ba ka dabara, ka zuba lambobi, amsa ta fito. A jami'a, musamman daga aji biyu, tambayar ita ce: me ya sa dabarar take aiki, kuma ya aka yi ka san ba za ta taɓa saɓawa ba? Ga misali. Ɗauki lambobin mara ka yi ta tarawa: 1 da 3, 4 ke nan, ƙara 5, ka sami 9, ƙara 7, 16, ƙara 9, 25. Kullum amsar lamba ce da aka ninka da kanta. Ko haka zai ci gaba har abada? Ba za ka iya gwada duka ba. Amma ajiye tsakuwa ɗaya a ƙasa. Kewaye gefenta biyu da tsakuwa uku, ka sami murabba'i mai biyu-biyu. Don ya zama uku-uku, sai ka jera biyu a dama, biyu a ƙasa, ɗaya a kusurwa: biyar. Kowane sabon zagaye yana bukatar gefe biyu da kusurwa ɗaya, wato ya fi na baya da tsakuwa biyu daidai. Ka ga dalilin ke nan, kuma dalilin ya game dukkan lambobi, har waɗanda ba wanda zai taɓa ƙirgawa. Wannan shi ake kira hujja.

Kada a ce ai gwaji ya isa. Leonhard Euler ya lura da wata dabara: ɗauki lamba, ninka ta da kanta, ƙara ta a kai, sannan ka ƙara 41. In ka fara daga sifiri, za ka yi ta samun lambar da ba ta rabuwa sai da kanta ko da ɗaya: 41, 43, 47, 53, 61. Sau arba'in a jere haka take yi. Da ka sa 40, sai ta ba da 1681, wanda 41 sau 41 ne. Shaida arba'in sun tsaya mata, na arba'in da ɗaya ya rushe ta. A nan lissafi ya fi ilimin harshe tsanani: a harshe togaciya tana neman bayani, a lissafi togaciya ɗaya ta kashe magana. Wanda ya yi shekara huɗu a ƙarƙashin wannan horo, yana fama da aljabara da kalkulas da ƙididdiga da nazarin lambobi, ba a saurin ruɗa shi da yawan misalai. Abin da bankuna da kamfanonin inshora da masu gina manhaja ke saye a wurinsa ke nan, ba haddar dabaru ba.

Kuma lissafi ba baƙo ba ne a zaurukanmu. Duk malamin da ke rabon gado masanin ɓangarorin lamba ne. Mace ta rasu ba ɗa ba iyaye, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su kuma suna da biyu bisa uku. In aka kasa dukiyar shida, miji uku, su huɗu: bakwai ke nan, alhali shida ake da su. Malaman fara'ili suka warware da abin da suke kira auli, a mai da kason bakwai, kowa ya ɗan ragu gwargwadon rabonsa. In naira 700,000 ce, miji ya ɗauki 300,000, 'yan'uwa su raba 400,000. Littafin Alkhawarizmi na ƙarni na 9, wanda daga sunan littafin aka sami kalmar aljabara, kaso mai yawa na cikinsa matsalolin gado da wasiyya ne. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 da ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai gidajen mara, irin wanda in ka jera 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa, ta ko'ina ka tara 15 za ka samu. Masu tarihin lissafi na duniya suna ambatonsa har gobe. A zamaninmu kuma ga Farfesa Iya Abubakar, ɗan Adamawa, masanin lissafi da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Mai digirin lissafi da ya yi ƙwazo yana da inda zai dosa: Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda kusa da Abuja, ko cibiyar AIMS da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, mai rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, wadda ke ɗaukar nauyin ɗaliban Afirka su yi digiri na biyu.

Maganar koyarwa ita ce mai ciwo. Lokacin da aka buɗe Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a farkon shekarun 1920, yaran da suka fi kowa ƙoƙari a larduna ake tsamowa a kai can. Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne, haka Ahmadu Bello, haka Abubakar Imam, haka Malam Aminu Kano da Shehu Shagari. Kafin su, Nana Asma'u ta tsara malamanta mata da ake kira jaji, ta horar da su, ta tura su ƙauyuka su karantar da mata. Yau an juya abin. A 2025 mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 ne cikin 400, na kwalejin ilimi kuwa 100. Mun ware wa aikin da ke samar da likita da injiniya ƙofar da ta fi kowace gajarta. Da gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa a 2017, aka ce fiye da 21,000 cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka gindaya ba, an yi ta zagin malaman. Ni ban ga laifinsu su kaɗai ba. Abin da aka shuka a ƙofar shiga ne aka girba a cikin aji.

Ba zan ɓoye wa kowa ba, albashin malami a jihohi da yawa bai taka kara ya karya ba, ko da yake dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayarsa zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Amma masu cewa ai kowa ma zai iya koyarwa ba su san aikin ba. A ba yaro 52 a ce ya ɗebe 17, ya rubuta 45. Wanda ba a horar ba zai ja masa jan biro, wataƙila ya haɗa da bulala. Wanda aka horar zai tsaya ya duba: yaron ya cire 1 daga 5 ya sami 4, sannan da ya ga 7 ba ta fita daga 2, sai ya juya ya cire 2 daga 7 ya sami 5. Ba shirme ya yi ba, wata ƙa'ida ya ƙirƙira wa kansa, cewa kullum ƙarami ake cirewa daga babba, kuma zai ci gaba da binta har sai an nuna masa inda ta gaza. Gano wannan shi ne abin da ake koyo a darussan halayyar yara da dabarun koyarwa da auna fahimta, kafin a tura ɗalibi koyarwar gwaji, wadda suke kira TP, ya tsaya gaban yara tamanin da alli a hannu.

A cikin wannan ajin ne harshe da lissafi da koyarwa suke karo da juna. Yarinyar da ke tallar gyaɗa tana ba da canjin ɗari biyar ba ta taɓa kuskure, amma a aji a ce ba ta iya lissafi ba. A 1985 wasu masu bincike a birnin Recife na ƙasar Brazil sun gwada yara masu talla, suka tarar lissafin da suke warwarewa cikin sauƙi a bakin ciniki shi ne ke kayar da su in an rubuta shi irin na makaranta. A wurinmu an ƙara wa yarinyar wani nauyi, domin da Turancin da ba ta ji ake yi mata tambayar. Alhali ƙirgan Hausa a fili yake: goma sha ɗaya ta faɗi abin da ke cikinta, ashirin ba biyu kuwa ɗebewa ce a cikin sunan lamba. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin Ife, inda aka karantar da yara dukkan darussan firamare da Yarabanci, suka kuma yi zarra har a Turancin kansa. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, kuma a 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Nijeriya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, sannan ta janye a 2025. Ko wace manufa aka ɗauka, ba za ta yi aiki ba sai da mutanen da za su ƙirƙiro kalmomin fannu, su rubuta littattafai, su horar da malamai, su kuma auna ko yaran suna ganewa. Masu wannan aiki daga sassan nan da ake rainawa za su fito.

Aunawar nan ita ta kawo mu ga bincike. A aji uku ake koyar da dabarunsa, a aji huɗu kowa ya rubuta kundinsa mai babi biyar a ƙarƙashin malami mai dubawa. Ga yawancin ɗalibai wannan ne karo ɗaya tak a rayuwa da za a ce su gano wani abu da kansu, ba su maimaita na wani ba. Abin takaici, kasuwar sayar da kundi tana ci a bakin jami'o'inmu. Wani ya sauko da na wata jami'a daga intanet ya canza sunan gari. Wani ya buga takardar tambayoyi ɗari ya zauna a ɗaki ya cike su da biro kala-kala. Yanzu kuma ga manhajojin da ke rubuta wa mutum babi guda cikin minti ɗaya, har su ƙago masa sunayen littattafan da ba a taɓa wallafawa ba. Mai yin haka kamar wanda ya biya kuɗin koyon tuƙi ne ya tura wani ya zauna masa a motar.

Al'ummar da ta gaji ilimin hadisi bai kamata a koya mata muhimmancin madogara ba. Wa ya faɗa? Daga wa ya ji? Sun yi zamani ɗaya? An san shi da riƙe magana? Waɗannan tambayoyi su ne zuciyar bincike a kowane fanni. Abin da jami'a ke ƙarawa shi ne yadda ake taƙaita tambaya har ta amsu, da yadda ake zaɓen waɗanda za a tambaya don kada a ji ra'ayin abokai kawai a ce na gari ne, da yadda ake raba abin da ya faru tare da wani abu da abin da ya haddasa shi. Kundi a kan "matsalolin ilimi a Arewa" ba zai haifar da komai ba, ya yi faɗi. Amma ɗalibin da ya karɓi littattafan aikin yara na aji huɗu a makarantu uku na ƙaramar hukumarsu, ya rarraba irin kurakuran da suke yi a ɗebewa, ya kawo abin da malamai za su yi aiki da shi gobe. Haka wadda ta ɗauki wayarta ta naɗi kalmomin saƙa ko rini ko ƙira daga bakin tsofaffin masu sana'a a garinsu, ta rubuta su da karin sautinsu. Ta adana abin da ba ya cikin kowane ƙamus. Mai neman tsofaffin takardu kuma ga Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Zariya, ga Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Saura hanyar shiga. Ana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, a zama ɗaya ko biyu, sannan darussa huɗu a JAMB, Turanci dole. Sauran ukun sun danganta da kwas da kuma jami'a, kuma a nan ake yawan yin asara: yaro ya ci maki mai kyau amma haɗin darussansa bai dace ba, saboda ya bar mai shagon intanet ya zaɓar masa. A buɗe jadawalin JAMB a karanta da ido kafin a cike komai. Jami'ar Bayero, da Ahmadu Bello, da Usmanu Ɗanfodiyo, da ta Maiduguri duk suna da sassan harsuna da lissafi da tsangayar ilimi, kuma Maiduguri ta daɗe da suna wajen nazarin Barbarci da Fulatanci. A Nijar akwai Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Mai son lissafi da koyarwa tare yana iya neman digirin da ya haɗa su a tsangayar ilimi, ya fito da fanninsa da kuma cancantar rajista da hukumar malamai ta TRCN. Wanda ya yi digirin lissafi ko harshe zalla, daga baya ya so aji, difilomar PGDE ta shekara guda za ta cike masa. Wanda jami'a ba ta samu ba a bana, NCE shekara uku ce, ana haɗa darussa biyu a cikinta, kuma in sakamako ya yi kyau ana shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu.

Bayan an shiga, a lura da darussan zaɓi. Akasarin ɗalibai suna tambayar na gaba da su wanne ne ya fi sauƙin ci, su ɗauka. Ɗalibar harshe ta nemi ƙididdiga ko gabatarwar rubuta manhaja in tsarin sashenta ya ba da dama. In bai ba da ba, ta roƙi malamin ya bar ta ta riƙa zama a bayan aji, da wuya a hana ta. Ɗalibin lissafi ya leƙa ajin tsarin sauti ko ginin jumla. Na tsangayar ilimi kuma kada ya yarda darussan dabarun koyarwa su cinye masa fannin da zai koyar, domin wanda bai fahimci dalilin da ya sa ake aro a ɗebewa ba, ba zai iya gyara wa yaron da ya rubuta 45 ba.